Ƙaramar Mota Mai Giyar Hannu: Yadda Take Aiki Da Yadda Za Ta Daɗe

Duk shekarar da damina ta yi kyau, bayan an yi girbi an kai amfani kasuwa, akan sami waɗanda kuɗi ya taru a hannunsu a ƙauye. Wani ya ƙara shanun noma, wani ya yi wa ɗansa aure, wani ya biya kujerar Makka. Wani kuwa mota ce a ransa. Wani lokaci 'yan'uwa biyu ko uku ne ke haɗa kuɗi su saya, su ba wani yaro ya riƙa jigila ranar kasuwa. Motar da akan saya kuwa kusan kullum iri ɗaya ce, watau ƙarama, wadda wani ya riga ya hau, kuma mai giyar hannu.

Mota a ƙauye ba ado ba ce. Ita ke kai tumatir kasuwa kafin ya ruɓe. Ita ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Ran da ta ƙi tashi, ba mai ita kaɗai ke shiga damuwa ba. Amma sau da yawa motar da aka saya da kuɗin kaka, kafin wata kakar ta zagayo tana bayan gida an ɗora ta kan duwatsu, kaji na yin ƙwai a cikinta. Sai a ce ai dama motar ba ta da kyau, ko kuma baki ne ya kama ta. Galibi ba haka ba ne. Irin wannan mota tana da juriya ƙwarai. Abin da ya fi kashe ta shi ne ƙafar direba, da kayan da ya fi ƙarfinta, da barin ta babu baƙin mai mai kyau.

Wace ce ƙaramar mota?

Ba a jiki kaɗai ake auna girman mota ba, a inji ma ana aunawa, kuma da lita ake faɗinsa. Motar da injinta ya kama daga lita 1 zuwa lita 1.6 ko 1.8, ita ce ƙarama. A cikinsu akwai Toyota Starlet, da Nissan Micra, da Volkswagen Golf, da tsohuwar Toyota Corolla. Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, injinta ya kusa lita 2, saboda haka ta ɗan ɗara su.

A shekarar 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna. A wannan shekara kuma aka fara haɗa Volkswagen Beetle a Legas. Dattawa za su tuna da ita. Injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. A lokacin ma'aikacin gwamnati kan karɓi rance ya sayi sabuwa dal. Da darajar naira ta faɗi daga shekarar 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane. Sai aka koma sayen waɗanda aka hau a Turai, ana shigo da su ta Legas ko ta Kwatano. A Turai kuwa a wancan zamani, yawancin ƙananan motoci masu giyar hannu ne. Abin da ya sa ke nan suka cika tashoshinmu da na Nijar.

Ya kamata mai saye ya san abu ɗaya. Waɗannan motoci sun tsufa. An fito da Golf 3 a 1991. Starlet ɗin da aka saba gani a tasha an daina ƙera ta a 1999. Ke nan ko ta sha sabon fenti tana ƙyalli, ta haura shekara 25. Tsohuwa ce mai sauran ƙarfi, kuma tsohuwa lallashi take so.

Dalilin da ya sa har yanzu ake son su a fili yake. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan kamar lita 6 zuwa 7 na fetur a tafiyar kilomita 100. Babbar mota tana iya shan lita 10 ko 12 a wannan tafiya. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashin fetur ya ninka, wannan bambanci ya zama kuɗi mai yawa. Har ila yau, kusan kowane bakanike na karkara ya san cikin giyar hannu. Giyar otomatik kuwa in ta lalace, sai an nemi gwani a birni, kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Ga kuma wata riba. In batir ya yi sanyi a daji, mota mai giyar hannu ana iya tura ta ta tashi. A murɗa makulli, a sa giya ta 2, a taka kuloci, mutane su tura, in ta ɗan yi gudu a saki kuloci. Otomatik ba ta tashi da turi.

Me giya take yi?

Mutumin da ya ɗauko dami zai hau tudu, ba ya yin dogon taku. Gajeren taku yake yi, a hankali, amma da ƙarfi. In ya sauko fili sai ya buɗe ƙafa. Haka giya take. A giya ta 1, inji yana juyawa kamar sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙarfi da yawa ke nan, gudu kaɗan. A giya ta 4, inji yana juyawa kamar sau 4 ne taya ta juya sau ɗaya. Gudu ya ƙaru, amma ƙarfin jan kaya ya ragu.

Ƙaramin inji ba shi da ƙarfi in yana juyawa a hankali. Sai ya ɗan yi sama yake samun ƙarfinsa. A nan direbobi da yawa ke kuskure. Don tsimin fetur, sai mutum ya jefa giya ta 4 ko ta 5 tun mota na tafiyar hawainiya, ga ta cike da kaya. Sai a ji inji na kakkarwa yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe a ciki. Wannan ba tsimi ba ne. Inji ne ake shaƙewa, kuma abin yana cin ƙarafan da ke cikinsa. Da zarar an ji haka, a sauko giya ɗaya. Haka nan kafin a hau tudu, tun daga ƙasa ake sauko da giya, ba sai mota ta gaji a tsakiya ba.

Wani kuma akasin haka yake yi. Ya bar ta a giya ta 2 yana ta danna totur, inji na ihu. Wannan shi ke shanye fetur. Kunne shi ne malamin direba. In ƙara ta yi sama, a ƙara giya. In inji ya fara nishi, a rage.

Kada a sa ribas sai mota ta tsaya cak. Wannan ƙarar da akan ji, ƙurrr, haƙoran giya ne ke cin junansu. Giyabos yana da nasa mai daban, ba irin na inji ba ne. Mutane kan manta da shi sam. In ana ganin ɗigon mai a ƙasa inda mota ta kwana, ko giya ta fara taurin shiga, ko tana ficewa da kanta, a sa bakanike ya duba.

Kuloci, inda kuɗi ke tafiya

Tsakanin inji da giyabos akwai wani faifai mai kaushi. Safirin mai ƙarfi ne ke danne shi a jikin wani babban ƙarfe da inji ke juyawa. In an saki kuloci, sun manne, inji na jan mota. In an taka shi har ƙasa, sun rabu, shi ya sa ake iya canja giya. A waɗannan halaye biyu babu abin da ke cin faifan. Ɓarnar tana tsakiya ne, lokacin da aka taka rabi. A lokacin faifan bai manne ba, bai kuma rabu ba. Gogar juna suke yi, kamar dutsen niƙa da aka bari yana juyawa babu hatsi. Zafi ya tashi, faifai ya cinye.

Ba yadda za a yi a tashi mota ba tare da wannan 'yar guga ba. Amma ta daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Abin da ke kashe kuloci shi ne guga ta ganganci. Wani direba ya mai da kuloci matashin ƙafa, tun daga gida har kasuwa ƙafarsa na kai. Yana cewa ai bai taka ba, ɗorawa kawai ya yi. Nauyin ƙafar nan ya isa. Da an gama canja giya, ƙafar hagu ta koma ƙasa.

Wani kuma in ya tsaya a kan tudu, maimakon ya ja hambirki, sai ya riƙe motar da rabin kuloci da totur. Minti ɗaya na wannan ya fi tafiyar yini guda cin faifai. Daidai shi ne a ja hambirki, a sa firi, a huta. In za a tashi a sa giya ta 1, a ɗago kuloci har a ji mota na son tafiya, sa'an nan a saki hambirki. Haka in an tsaya jiran fasinja ko a shingen 'yan sanda, a fitar da giya, kada a zauna ana danne da kuloci. Akwai kuma masu tashi da giya ta 2 don ƙyuya. Da kaya a mota, wannan ƙona faifai ne kawai.

Kuloci ba ya mutuwa sai ya yi sallama. Alamar farko, a danna totur a kan tudu, ƙarar inji ta yi sama amma gudu bai ƙaru ba. Ta biyu, wani wari kamar na ƙonewar roba. Ta uku, sai an ɗago ƙafa can sama kafin mota ta motsa. Ga yadda ake gwadawa. A sami fili inda babu kowa a gaba. A ja hambirki sosai, a tada inji, a sa giya ta 4, a saki kuloci a hankali. Mai lafiya nan take zai kashe inji. In inji ya ci gaba da aiki, faifai ya ƙare. Kada a yawaita wannan gwaji, don shi ma guga ne.

In ya nuna alama, gara a canja shi da wuri. Faifan da aka bari ya ƙare ƙarƙaf yana kankare ƙarfen da yake mannewa a kai, aiki ya zama biyu. Tun da kuma sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, abin da ya fi shi ne a canja faifai da madanninsa da boris ɗinsa gaba ɗaya. Wanda ya canja ɗaya ya bar biyu zai sake biyan kuɗin saukewa nan ba da daɗewa ba. A hannun mai natsuwa kuloci kan yi shekaru. A hannun yaro mai gaggawa, wata shida ma da ƙyar.

Jaki ba raƙumi ba ne

Kowa ya san jaki yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ƙaramar mota ma haka. Abin da masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka, da mutane da kaya, bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. A yi lissafi. Manya 5, kowane mai kilo 65, sun tashi kilo 325. Buhun masara ɗaya kilo 100 ne. Ke nan mutum 5 da buhu ɗaya, mota ta cika.

To, a je tasha ranar kasuwa a gani. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, wasu a but, buhu biyar an ɗaure da igiya, ga akuya a sama. Direba zai ce in bai yi haka ba kuɗin mai ba zai fita ba. Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, domin fetur ya yi tsada kuma mai mota na jiran balas da yamma. Amma kuɗin da obalodi ya kawo, bakanike ne ke karɓewa. Safirin ya karye, shokazoba ya mutu, boris ɗin taya ya ci, kuloci ya ƙone, ƙasan mota na dukan dutse. In dutse ya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, mai ya zube, inji ya tafi.

Wannan duk asarar kuɗi ce. Akwai wadda ta fi ta. Birkin ƙaramar mota daidai nauyinta aka yi shi. In kaya ya yi yawa, birki ya yi zafi da wuri, mota ba ta tsayawa inda aka so. Nauyi a baya yana ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta haska sama maimakon hanya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota ya ninka sau huɗu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, da 80 a babbar hanya. Wannan ma don motar da ba ta yi obalodi ba ne.

Akwai wata muguwar al'ada da ya kamata a bari. Wasu in sun zo gangara sai su sa firi, wasu har su kashe inji, wai don tsimin mai. In mota tana cikin giya, inji na taimaka wa birki wajen riƙe ta. A firi, birki kaɗai aka bar wa aikin. In an kashe inji kuwa, bayan taka biyu ko uku birki zai yi tauri kamar dutse, domin inji ne ke ba shi ƙarfi. In aka murɗa makulli har ƙarshe, sitiyari ma yana iya kullewa. Abin mamaki, motoci masu injekta in suna gangara cikin giya ba a taka totur ba, su da kansu suke yanke fetur. Ke nan ko tsimin ma babu.

Baƙin mai da ƙura

A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sau dubbai a minti ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ɗan siririn baƙin mai. Ƙaramin inji lita 3 zuwa 4 kawai yake ɗauka. Tsohon inji kuma yana shan mai, saboda haka in lita ɗaya ta tafi, kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ke nan ya tafi.

Kowace safiya kafin a tada mota, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa a ƙara. Kada kuma a cika ya wuce alamar sama. In aka ga mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tada inji sai bakanike ya gani.

A hanyoyin karkara masu ƙura, a yi juye duk bayan kilomita 5,000, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Motar haya da ke fita kullum tana cika kilomita 5,000 cikin wata ɗaya ko biyu. Duk juye a canja matatar mai, domin zuba sabon mai ta tsohuwar matata kamar wanka ne a mai da tsohuwar riga mai datti. A sayi mai a cikin galan ɗinsa da hatiminsa. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon juye ne aka tace. Araha ba ta ado. Haka fetur ɗin 'yan bumburutu. In dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

A gaban direba akwai wata jar fitila mai hoton 'yar butar mai. In ta kama ana cikin tafiya, ba a cewa bari a ƙarasa gari. A sauka gefe a kashe inji nan take. Tafiyar minti biyu babu mai ta isa inji ya buga, gyaran inji kuwa wani lokaci ya kusa kuɗin wata motar.

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda yake shan fetur, nesa ba kusa ba. A lokacin hunturu da kan hanyar burji, iskar nan cike take da ƙura, ƙura kuwa yashi ne mai laushi. In ta shiga tana kankare cikin inji, sai mota ta fara hayaƙi da shan mai. Matatar iska ce ke tare ta. A ciro ta duk mako a kakkaɓe a hankali. In ta toshe ko ta yage a sayi sabuwa. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Wanda ya cire ta ya yar, wai don mota ta ƙara gudu, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Ruwa da zafi

Inji yana aiki ne a zafin da ya kusa tafasa ruwa. A watannin Maris da Afrilu, ga zafin gari ga kaya, abu kaɗan ne zai sa ya wuce iyaka. A duba ruwa da safe, inji na sanyi. Ruwan lagireto na musamman, mai launin kore ko ja, shi ya fi, don yana hana tsatsa. In babu, ruwan sama mai tsabta ya fi na rijiya. Ruwan rijiya yana barin farin dasashi irin wanda ake gani a cikin butar shayi, shi ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ruwan kududdufi kuwa laka ce.

In allurar zafi ta doshi ja, a tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan yana matse ne a ciki, in an buɗe zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. A jira kamar rabin awa. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kan inji yana iya lanƙwasa ko ya tsage. Bayan ya huce a nemi dalili: ko tiyo ya fashe, ko fanka ba ta juyawa, ko fambel ya tsinke, ko ciyawa da ƙaiƙayi sun toshe gaban lagireto. Wasu makanikai da zarar mota ta iso daga Turai sai su cire tamostat, su ce na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya tsayar da inji a zafin da ya dace. In ya lalace, canja shi ake yi.

Akwai wani bel mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi a gefen inji, makanikai na ce masa tamin bel. Golf da Starlet suna da shi, yawancin Micra kuwa sarƙa gare su. Ba ya ba da alama kafin ya tsinke, kuma a injuna da yawa in ya tsinke fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su. Ana canja shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon irin motar. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san yaushe aka canja shi ba, ya canja kawai.

Taya, yashi da rafi

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Masu ƙera taya sun ce bayan shekara 5 a riƙa duba ta sosai, in ta kai 10 a jefar ko da zanenta na nan. Mai sayen tayar Kwatano ya fara duba wannan lamba kafin ya yi ciniki. Yawan iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, galibi wajen 30 zuwa 32 a gejin mai faci. Tayar da iska ta yi mata kaɗan tana zafi, ita ce ke fashewa a kan kwalta da rana tsaka. Kada a manta da safaya da jak.

Yawancin waɗannan motoci da ƙafafun gaba suke ja. A bayan kowace tayar gaba akwai wata baƙar roba mai nannaɗe da ke rufe gaɓar shaf, cike da giris. In ta yage, yashi ya shiga. Daga nan sai a fara jin ƙas-ƙas-ƙas in an sha kwana. Robar ba ta da tsada, shaf ɗin ne mai tsada. A leƙa ta duk lokacin juye. Man birki ma a duba shi, a canja duk shekara 2. In birki ya yi laushi ko yana kukan ƙarfe, mota ba ta fita sai an gyara.

In an zo yashi, a shiga da giya ta 2, a tafi bai ɗaya, kada a tsaya a tsakiya, kada a canja giya. In ta kafe, danna totur ba ya fitar da ita, rami kawai take tona wa kanta, kuloci kuma na ƙonewa. A sauke mutane, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko reshe, a rage iska kaɗan, a tura. In an fita a mayar da iskar.

Rafi da damina ya fi yashi haɗari. Ƙaramar mota ba ta da nauyi, ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya tafiya da ita da mutanen ciki. In kuma inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, ƙarafan cikinsa na lanƙwasa nan take. Wani ya fara shiga da sanda ya auna. In ruwan ya wuce rabin taya ko yana gudu da ƙarfi, a jira ya janye. In ya yi daidai, a bi da giya ta 1 a hankali. Bayan an haye a ɗan tattaka birki don ya bushe. Motar da ta mutu a cikin ruwa kada a yi ƙoƙarin tada ta, a turo ta waje.

Ranar saye

Kada a je sayen mota sai da bakaniken da aka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A je da sassafe, a taɓa inji a tabbata da sanyi, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa. A duba hayaƙi. Shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inji. Baƙi yana nufin fetur na yi mata yawa. A hau ta a bi duk giyoyi har da ribas, a gwada kuloci, a leƙa ƙarƙashi a ga tsatsa ko walda. Lambar da agogon tafiya ya nuna ba abin dogara ba ce, ana iya mayar da ita baya. A duba takardun kwastan da na mallaka, a tabbata lambar da ke jikin mota ita ce ke cikin takarda. Kada kuma a zuba duk kuɗin a ciniki. A rage na juye, da bel, da taya, domin kusan kowace tsohuwar mota tana bukatarsu a makon farko.

A ranar da mota ta shigo gida, a sayi ɗan littafi na rubutu a ajiye a aljihunta. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci zai iya riƙe shi. Duk juye a rubuta kwanan wata da lambar da agogon tafiya ya nuna, a kuma rubuta lambar da za a sake juye. Alal misali, in an yi juye a 182,000, a rubuta 187,000 a gabansa. In agogon ba ya aiki, a ƙidaya da tafiya. Kasuwar da ke da nisan kilomita 50, zuwa da dawowa 100 ke nan, tafiya 50 ta cika juye. A wani shafin a rubuta litar fetur da aka sha da abin da aka canja da kuɗinsa. In 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗi suka saya, a kawo littafin gabansu duk ƙarshen wata, tare da direba.